Fistin Na Uku

A amalanke aka kawo injin, an kwantar da shi a kan tsofaffin buhuna kamar majinyaci. Ina zaune a kan benci a gindin darbejiyar da ke ƙofar garejin, ina jiran a duba mini injin ban-ruwana da ya ƙi tashi tun ranar Asabar. Kaka ce, kogi ya fara ja da baya, duk mai fili a fadama hankalinsa ya koma kan noman rani. Garejin yana bayan gari, a kan hanyar da masu kifi ke bi zuwa kasuwar Haɗeja. Rumfar kwano ce da teburin ƙarfe da wani tsohon duro cike da ruwa. Dattijon da ke da wurin, kowa Baba yake ce masa. Da gyaran babur ya fara, ya koma injin ban-ruwa, da jirage masu inji suka yawaita a ƙauyukan Guri da Kirikasamma kuma, sai ya zamana duk injin da ya mutu a ruwa wurinsa ake nufa da shi.

Wannan ɗin Yamaha ne mai doki arba'in, irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi, mai silinda biyu, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Murfinsa ya sha sabon fenti shuɗi, an zana masa tauraro a kowane gefe. A bayan amalanken wani mutum ya sauko daga babur, sanye da farar shadda, waya biyu a hannu.

"Baba, fistin ne kuma," in ji shi, tun gaisuwa ba ta ƙare ba. "Na san ciwon. A sa sabo kawai, jibi kasuwa."

"Sannu da hanya, Alhaji. Zauna ka sha ruwa. Bari mu ji daga bakinsa."

Na san jirgin da aka ciro injin daga jikinsa, domin na ƙauyen kakannina na wajen uwa ne. Bayan ambaliyar 2012, wadda ta yanke musu hanya wata da watanni, mutanen garin suka yi karo-karo. Masunta suka kawo, manoma suka sayar da shinkafa, mata masu banda suka kwance bakin zane. Aka sassaƙa babban jirgin katako, aka sayo masa inji daga Kano. Aka yi shawara a ƙofar mai gari cewa za a riƙa damƙa shi a hannun mutum ɗaya na 'yan shekaru, ya karɓi kuɗin fito, ya sayi mai, ya yi gyara, abin da ya rage ya shiga asusun gari. Wanda ya fara riƙewa wani tsohon masunci ne. Shekara bakwai injin yana hannunsa ba a taɓa kwance masa kai ba. Bayan rasuwarsa jirgin ya sauya hannu sau biyu, har ya zo hannun wannan Alhajin. Har yau mutanen garin jirginmu suke cewa. Alhajin kuwa, a 'yan sa'o'in da muka zauna tare, jirgina na ji yana cewa.

Baba bai yi saurin ɗaukar sifana ba. Ya sa yaransa suka rataya injin a jikin duro, ya kewaya shi yana kallo, ya shinshina bakin salansa. Sannan ya ciro filogi biyu ya ajiye su a tafin hannunsa, ya fito da su rana.

Filogin inji mai lafiya launinsa kamar soyayyar gyaɗa ne, da ɗan danshin mai a gefe. Na silindar ƙasa ya bushe ƙayau, ya yi fari-fari. Na sama kuwa ya yi fari fat kamar toka, kuma a bakinsa akwai wasu 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli, ƙanana kamar ƙwayar gero. Baba ya kankare ɗaya da farce ya nuna wa babban yaronsa.

"Mene ne wannan?"

"Naman fistin ne, Baba."

"To ka gani."

Ya toshe ramin filogin ƙasa da babban yatsa, yaron ya ja igiya, iska ta ture yatsan da ƙarfi. Ya koma ramin sama, aka sake ja. Abin da ya fito bai fi numfashin jariri ba.

Fistin ɗan abu ne, kaɗan ya ɗara gwangwanin madara, an yi shi da alminiyom, ƙarfen da ake tukwanen girki da shi. Fasinja bai taɓa ganinsa ba. Abin da fasinja ke gani shi ne murfi mai fenti, da direba riƙe da totur, da kumfar da farfela ke tayarwa a baya. Amma duk buhun shinkafa da duk kwandon tarwaɗa da jirgin ya taɓa ƙetarwa, a kan waɗannan 'yan gwangwanaye biyu nauyinsu ya sauka. A irin wannan injin, duk juyi ɗaya sai wuta ta tashi a kan fistin ta tura shi ƙasa, kuma in an buɗe totur juyin yakan kai dubu biyar a minti ɗaya. Zafin wutar ya haura digiri 2000, alhali digiri 660 ya isa ya narkar da alminiyom. Abin da ke tsare shi bai taka kara ya karya ba. Wutar takan tashi ta mutu nan take, sabuwar iska mai sanyi ta shigo ta shafi kansa. Zafin da ya rage sai ya bi ta ringi ya shiga bangon silinda, bangon kuma ruwan kogi ne ke kewaya bayansa yana kwashe zafin. Tsakanin jikinsa da bangon akwai shimfiɗar mai da ba ta kai kaurin gashi ba. Iyakar abin da yake nema ke nan: ɗan mai, ɗan ruwa, da wuta a kan lokacinta. In ya samu, sai ya yi shekaru yana shan duka a cikin duhu ba wanda ya ji kansa.

Aka kwance kan injin, aka raba bulok, aka zaro fistin ɗin sama. Baba ya wanke shi da fetur a cikin kwano, ya goge da tsumma, ya zauna a kan kujerarsa. Ya daɗe yana juya shi a hannu kamar malami yana duba allon ɗalibi.

Ya fara da gefen da ke fuskantar salansa, inda zafi ya fi taruwa. Daga sama har ƙasa wurin ya kakkarce, layi-layi, kamar an ja shi a kan dutse, kuma a bangon silinda daidai wurin alminiyom ya manne ya yi fari. Baba ya ce zafi ne. Alminiyom ya fi ƙarfen silinda saurin kumbura. In sanyi ya yanke, fistin yakan cika ramin da yake ciki, ya matse man da ke tsakani ya kore shi, sai ƙarfe ya kama cin ƙarfe. Ya ƙara da cewa in ruwa ya yi ƙaranci a inji, silindar sama ce ke fara ji, domin ruwan daga ƙasa yake hawa, in famfo ya raunana ba ya kaiwa can.

Ya juya ɗaya gefen, wanda ya kamata a ce yana nan sumul. Nan ma da karce, ba mai zurfi ba, amma ya kewaye. Ya zaro ɗan sandan da ke riƙe fistin da konrod, ya nuna mana. Ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi kamar wuƙar da aka manta a murhu, ƙananan boris ɗinsa kuma sun bushe.

"Wannan ba zafin rana ɗaya ba ne," in ji shi. "Wannan yunwa ce. Ya daɗe yana aiki da ita."

Ya ce a kawo tankin. Ya tsiyayi fetur ɗin a yatsa ya murza, sannan ya ɗiga kaɗan a kan farar takarda ya ajiye a rana. Fetur yakan tashi ya bar mai a baya, in gaurayen ya cika sai ka ga da'ira mai maiƙo kamar an ajiye ƙosai. Muka zuba ido. Da takardar ta bushe, sai da Baba ya ɗaga ta sama kafin mu ga inuwar abin da ya rage.

Ƙa'idar irin wannan injin, lita hamsin ta fetur, lita ɗaya ta baƙin mai. Tanki mai cin lita 25, rabin lita ke nan. Tsohon masuncin yana da wani gwangwani da ya yi wa tsaga da ƙusa, da shi yake awo, ko da dare ne sai ya haska fitila ya ga man ya kai tsagar. Baba ya tambayi Alhaji nawa ake zubawa yanzu.

"Ana zubawa daidai gwargwado. Baba, ka san halin da ake ciki. Fetur da muke saye ƙasa da naira ɗari biyu, tun watan Mayun 2023 ya haura ɗari biyar, ya zo ya taɓa dubu. Ba a gidan mai ma muke samu ba, sai wurin 'yan bumburutu. Dole a rage wani wuri. Kowa haƙuri yake yi."

Gaskiya ya faɗa game da fetur, ni ma da shi nake ban-ruwa. Abin da na sani kuma shi ne sau uku aka ƙara kuɗin fito a wannan tsakanin, mata suka biya, wasu da ƙunƙuni, wasu ba ko uffan, saboda an ce musu tsadar mai ce. A lissafin da ake karantawa a ƙofar mai gari bayan sallar idi, baƙin mai katan guda ne duk wata, bai taɓa raguwa ba.

Baba bai ce komai a kan wannan ba. Ya ce a sauke ƙafar injin, wato ɓangaren da ke nutsewa a ruwa. A nan famfon sanyaya yake, wata 'yar roba ce mai fukafukai da ke juyawa tana tsotso ruwan kogi ta wasu 'yan ramuka tana tura shi sama. Ramukan sun cushe da laka da saiwa da audugar kacala. Robar kuma ta ƙandare, fukafukai biyu sun karye, sauran sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa.

Duk wanda ke shiga ruwa a wannan yanki ya san kacala. Dattawa sukan ce a da ba ta da wannan ƙarfin, domin kogin yana da lokacinsa. Da damina ya cika ya malale fadamu, kifi ya shiga ya hayayyafa, da rani ya ƙafe har yara su yi wasa a cikin yashinsa, ciyawar da ke son ruwa ta mutu. Aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, aka yi kuma madatsar da ke ba gonakin Auyo ruwa. Tun daga nan babban ruwan da kan zo da ƙarfi ya share hanyoyi ya ragu, ƙaramin ruwa kuma ya daina yankewa ko da rani. Abin da kacala ke so ke nan. Ta tsaya ta fi mutum tsawo, ta kama laka, lakar ta ƙara mata wurin zama. Can wajen Likori inda kogin ke rabuwa, tsohuwar hanyarsa mai zuwa Gashuwa ta toshe, ruwa ya karkata ta hanyar Marma ya nufi Nguru, ya cinye gonakin wasu, ya bar na wasu da ƙishi. Jan-baki ya samu gidan kwana a cikinta, da asuba ya fito ya sauka a kan shinkafa. Mai jirgi kuwa ta tsakiyarta yake ratsawa, ta 'yar hanyar da aka sare da gayya. Shi ya sa tsohon masuncin, duk in ya fito daga cikinta, yakan tsayar da inji ya ɗaga ƙafar ya share ramukan da tsinke, robar kuma duk shekara kafin damina sai ya sauya ta, ko da ba ta nuna gajiya ba.

Kuma injin ba ya ɓoye ƙishinsa. Masu ƙera shi sun yi masa wani ɗan rami a gefe inda ruwa ke tsartuwa muddin famfo na aiki. Fitsari ake ce masa a bakin ruwa. Ba shi da wani amfani sai ba da labari. Direban kirki idonsa ɗaya a gaba yake, ɗaya a kan fitsarin.

"Direbanka bai ga fitsari ya rage ba?" Baba ya tambaya.

Kafin Alhaji ya amsa, ƙaramin yaron garejin, wanda shi ma ɗan wajen ne, ya ce a hankali, "Wanda yake tuƙawa da ya faɗa."

Alhaji ya juya ya dube shi. "Wannan mai baƙin bakin? Kullum aka taso sai ya ce ruwa ya rage, sai ya ce yana jin ƙara, sai ya tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa yana tsorata mini fasinja. Har ƙofar mai gari ya je yana ɓata mini suna. Na sallame shi tun bara. Wanda na sa yanzu yaron kirki ne, bai taɓa kawo mini ƙorafi ba."

"Wace irin ƙara ya ce yana ji?"

"Wai kamar tsakuwa a gwangwani. Ni ban taɓa ji ba."

Yaron garejin ya sunkuyar da kai yana goge sifana. Daga baya ya gaya mini cewa tun da aka sauya direba aka ɗaura wa jirgin lasifika a jikin rumfa, daga mashigi zuwa mashigi waƙa ke tashi.

Baba ya koma kan fistin. Ya ce saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Ya karkato da saman fistin ɗin ya kama rana. Gefen da'irar duk ya zaizaye, ya yi ƙananan ramuka kamar gara ta ci, kuma a wuri ɗaya bakin ya gutsure har ringin sama ya karye gida uku. Zafi yakan karce, yunwar mai takan ƙone, amma wannan duka ne, kamar an zauna da ƙaramar guduma ana sara.

Ya bayyana wa yaransa, ni ma na kasa kunne. In komai na daidai, filogi ne ke kunna wuta, ta bazu daga tsakiya zuwa gefe a jere kamar yadda manomi ke ƙona sheƙa ta bi iska, ta tura fistin da turi mai ƙarfi amma mai tsari. In kuwa an matse gaurayen fiye da kima, ga zafi, ga fetur marar kyau, ga lodi ya danne inji ya hana shi sakewa, to abin da ke can gefe ba ya jiran wutar filogi ta iso. Da kansa yake fashewa. Wuta biyu su yi karo a cikin ɗaki ɗaya, ƙarar karon ita ce tsakuwar da ake ji. Duk fashewa ɗaya takan share 'yar iskar da ke kare kan fistin, ta ɗebi ɗan namansa ta watsa. Shi ne muka gani a bakin filogi.

"Abin da aka matse ya wuce iyaka, ba ya jiran a kunna shi," in ji Baba. "Amma wannan injin ba a ƙera shi da irin wannan matsin ba. Ku ba ni kan."

Aka miƙo masa kan injin. Ya shiga cikin rumfa ya fito da wani tsoho irinsa, ya jera su a kan tebur. Ko ni da ba bakanike ba na ga bambanci. Kwarmin da wuta ke tashi a ciki, na Alhaji ya fi zama fage-fage. An kai shi injin yanka an aske fuskarsa, ɗakin ya ƙanƙance.

Alhaji bai musa ba, har ma ya gyara zama. Ya ce ya je Legas ya ga jiragen masu kuɗi a bakin teku, inji ɗaya doki ɗari uku, in ya taso gaban jirgin har ɗagawa yake. Ya tambaya aka ce masa sirrin shi ne matsi, akwai wata na'ura da ke cusa wa injin iska da ƙarfi. Da ya dawo wani ya ce masa ba sai ya sayi na'ura ba, a aske kai kawai, matsi zai ƙaru. Kuma ya ƙaru. Ya sa babbar farfela, ya ƙara benci biyu. Ya ce duk duniyar da ta ci gaba haka take yi, mu ne kawai muke tsoron sabon abu.

Baba ya san injunan da ake magana a kansu. Kamfanin Mercury na Amurka ya fito da irinsu a 2004, ana ce musu Verado, kuma gaskiya ne waɗancan na farkon ana cusa musu iska. Amma ya ce wa Alhaji wanda ya ba shi labarin rabi ya ba shi. Iskar da aka matsa takan yi zafi, don haka kafin ta shiga silinda sai ta bi ta wani akwati da ruwa ke sanyaya ta. Fistin ɗinsu an ƙera shi musamman don ya ɗauki wannan nauyin. Mai yana da tankinsa da famfonsa, ba ya jiran tausayin mai jarka. Fetur ɗinsu tatacce ne. Sannan injunan zamani irin waɗannan akwai wani ɗan kunne da ake manna musu a jikin bulok, aikinsa kawai sauraro. Da ya ji alamar tsakuwa, tun kunnen mutum bai ji ba, sai ya gaya wa kwamfutar injin, ita kuma ta sassauta nan take, ta jinkirta wuta, ta haƙura da ɗan gudu.

"Su sai da suka tanadi duk wannan kafin su matsa, Alhaji. Kai matsin kaɗai ka ɗauko. Kunnen da kake da shi kuma ka sallame shi."

Alhaji ya yi dariya, ya ce Baba ya cika tsawaita magana. Ya ce shi abin da ya lura da shi, fistin ɗin yanzu ne ba su da ƙwari, ba kamar na da ba. Ɗan aiki kaɗan sai su narke. Ya ce wannan karon a samo masa mai juriya.

A nan ne na ga ran Baba ya sosu, ko da yake muryarsa ba ta tashi ba. Ya jawo wani tsohon gwangwanin fenti daga ƙarƙashin tebur, ya fito da fistin biyu ya jera su kusa da na yau. Duk daga wannan injin suka fito, cikin shekara biyu. Karce ɗaya, shuɗi ɗaya, zaizaya ɗaya, sai dai kowanne ya fi na gabansa muni. Ya ɗauki na farkon ya ce wannan shi ne wanda ya zo da injin daga kamfani, shi ne ya yi shekara bakwai a hannun marigayi, ya ƙara wasu a hannun na biyu, ya yi jigilar mutane da awakinsu a ambaliyar 2022 lokacin da mutanen Haɗeja ke kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. Wata biyar ya yi bayan an aske kai.

Ni dai a raina na ce ban ga abin da za a ƙara nema daga ƙarfe ba bayan wannan.

Baba ya lissafa abin da ake bukata. A sauya robar famfo, wadda kuɗinta bai kai na fentin murfin ba. A samo wani kan da ba a aske ba, akwai su a Ƙofar Ruwa a Kano. A mayar da farfelar asali, a cire benci biyun nan. A koma awon mai. Sannan ya sa yatsa a cikin silinda ya shafa bangon. Ya ce duk lokacin da fistin ya ci bango sai an kai bulok an yanke shi an faɗaɗa, a sa fistin mai ɗan girma. Yanka biyu kamfani ya tanada, na kwata da na rabin milimita, kuma an riga an yi duka biyun. Wannan karon zai goge ne kawai da hannu, ya cire alminiyom ɗin da ya manne. In aka sake, babu sauran naman da za a yanka.

Alhaji ya duba wayarsa, ya yi ɗan lissafi. Ya ce damina ɗaya ta rage masa a riƙon jirgin, ba zai zuba kuɗi a abin da wani zai zo ya ci moriyarsa ba. A sa fistin da ringi. Sauran, in Allah ya kai mu, za a duba. Ya ajiye kuɗin, ya ja wa yaran kunne kada su karce masa fenti, ya hau babur.

Bayan tafiyarsa na tambayi Baba me ya sa zai ɗaura, tunda ya san abin da zai biyo baya. Ya ce in ya ƙi, akwai mai ɗaurawa a bakin tasha wanda ko wanke bulok ba zai yi ba, kuma ko ya ɗaura ko bai ɗaura ba jibi mata za su shiga jirgin nan, don ba su da wata hanyar zuwa kasuwa. Har magariba yana kan aikin, nawa injin ma sai washegari aka taɓa shi. Na ga ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wata robar famfo da ya cire daga wani injin, ta ɗan sha jiki amma fukafukanta na nan, ya sa ba tare da ya rubuta a lissafi ba. Na ga ya haɗa gasket biyu a ƙarƙashin kan maimakon ɗaya, don ɗakin wutar ya ɗan sami sarari. Da aka tayar da injin a cikin duro, fitsari ya fito da ƙarfi har yana dukan kwanon rumfa. Ya tsaya yana kallonsa.

"Iyakacina ke nan," in ji shi. "Jarka ce ba zan iya bi ba."

Ya ɗauki fistin na ukun ya saka a gwangwani tare da 'yan'uwansa, ya mayar ƙarƙashin tebur.

Bayan mako shida na je ƙauyen gaisuwar rasuwa, na dawo ta mashigi ranar kasuwa. Jirgin yana nan, an ƙara masa tuta a gaba. Ana ta lodi: buhunan shanshera, kwalayen banda, tumaki uku, babur guda, sai mata da goyo suna zaune a kan kaya saboda benci ya cika. Na ƙirga mutum arba'in da ɗaya na daina. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi tafin hannu ba. Na ga direban ya tuttula fetur a tanki, ya ɗauko robar baƙin mai ya ɗan karkata ta ya mayar da murfi. Ni ban shiga ba, na ce zan jira ƙaramin kwalekwale.

Mai kwalekwalen wani saurayi ne siriri, yana tsaye a ƙarshen jirginsa riƙe da gora. Ban san shi ba sai da wata tsohuwa daga cikin babban jirgin ta kira shi, ta ce, "Ɗan nan, har yanzu ba su mayar da kai ba?" Ya ce, "Tukuna, Inna. Allah ya kai ku lafiya."

Aka ja igiya, inji ya kama, lasifika ta kama. Jirgin ya juya a hankali ya nufi bakin kacala. Na ce wa saurayin mu tafi, ni ƙetare kawai zan yi, ga gaɓar can ana hange. Bai motsa ba. Ya karkata kai gefe ɗaya, bakinsa a ɗan buɗe, idonsa a kan gefen injin inda ruwa ke fitowa, yana tsartuwa yana yankewa. Ni ban ji komai ba sai waƙa.

"Malam, ka yi haƙuri," ya ce. "In ba ka sauri, ta bayansu za mu bi."

Na ce ba na sauri. Ya jawo wata doguwar igiya daga ƙarƙashin benci ya ajiye kusa da ƙafarsa, ya kafa gora a laka, muka shiga hanyar da suka bi.